Ƙasar Surin Bayan Sito

Litinin, 4 ga Maris, ƙarfe 1:15 na rana

Ƙasar Mwasilinde ta iso yau, leda arba'in da biyu cikin kwalaye uku, kowace da lambarta, babu suna. Haka dokar ɗakin gwajinmu take: mai gwaji ba ya sanin gonar wa yake gwadawa, don kada son kai ya shiga awo. Dokta Kwangu, shugabarmu, ta san garinmu ne, shi ya sa ta tsaya a kaina ta ce, "Minza, in zai yi miki nauyi a bar wa Baba Bundala." Na ce mata ƙasa ai ƙasa ce. Ƙarya nake yi.

Saboda tsohon siton auduga aka ɗebo ta. Tun kafin a haife ni aka jibge buhunan maganin ƙwari a bayansa, rufin ya yaye, ruwan damina ya yi ta dukansu har suka ruɓe suka bi ƙasa. Kowane yaro a garinmu ya san labarin, amma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa da zafi.

Ina kwance leda ta goma sha bakwai ƙamshin ya buge ni. Ja ce, da ƙananan ramukan gara a jikinta. Baba Bundala, wanda ya shekara talatin a ɗakin nan, yana can ƙarshen tebur amma sai da ya toshe hanci.

"Kai, kai, kai! 'Yata, rufe ledar nan kada ki kashe ni kafin fansho. Wannan ai warin tsohuwar hodar auduga ce, wadda muke barbaɗawa da hannu muna samari."

Shi wari ya ji. Ni kuwa yawuna ne ya tsinke, sai da na fita waje na tofar. Ba na buƙatar suna a jikin leda, na san surin bayan sito ne.

Talata, 5 ga Maris, ƙarfe 6:50 na safe

Shekaru biyu da suka wuce Mama ta tambaye ni wai mene ne aikina na gaskiya. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce iska ce irin wadda ake ɗura wa lemon kwalba, sai mu matse ta matuƙar matsewa, mu ɗumama ta, har ta kai wani hali da ba iska ba ce kuma ba ruwa ba ce. A wannan halin takan ratsa ƙasa ta ko'ina, ta narkar da gubar da ke ciki ta ɗauko ta. In ta fito ta wani siririn bututu sai ta koma iska ta tafi abinta, ta bar gubar a cikin 'yar kwalba, mu auna.

Mama ta ce, "Wato shekara goma sha bakwai kina boko don ki zama mai wankin ƙasa? Da kin faɗa mini da na ba ki tsakar gida ki fara da shi." Muka yi ta dariya har shinkafa ta kama.

Ina kewar dariyarta yau fiye da kullum.

Matan garinmu in suna da ciki ƙasar suri suke kwaɗayi, kuma duk unguwarmu ba wadda ta kai Mama iya gyara ta. Takan fasa ta da fartanya, ta daka, ta kwaɓa da ɗan gishiri, ta mulmula curi-curi tsawon yatsa, ta dangwala babban yatsanta a kan kowanne, ta jera a bakin murhu su bushe da hayaƙi. Surin bayan sito kaɗai take zuwa. Ta ce shi ne mai tsabta, don ko gara ɗaya babu a cikinsa. Tun ina ƙarama nake jin wannan magana. Na yi karatun, na san abin da ke kashe gara, amma ban taɓa haɗa biyun a kaina ba sai jiya.

Bara, lokacin da nake da ciki, sau huɗu ta aiko mini da ƙunshin curin a motar Maswa. Ba zan rubuta sauran ba.

Holo matar ƙanena Luhende cikinta wata shida yanzu, kuma a gaban Mama take zaune.

Laraba, 6 ga Maris, ƙarfe 5:30 na yamma

Na kira ta. Na fara da gaisuwa, da tambayar auduga, da tambayar saniyar da ta haihu, na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji.

"Ke Minza, katinki ne ya yi yawa? Faɗi abin da ke bakinki, ina da tuwo a wuta."

Na ce, "Mama, ƙasar surin nan, a dakatar da ba Holo tukuna. Ina zargin maganin sito ya shiga cikinta."

"Wa ya gaya miki?"

"Hancina."

"To ni ma ina da hanci, kuma ya girmi naki. Guba wari take yi, 'yar nan. Wannan ƙamshi take yi. Ita na ci na haife ki, ita na ci na haifi Luhende, ga ku nan kamar bijimai."

Na ce lokacin buhunan ba su gama ruɓewa ba. Na ce ta tsaya ta yi tunani, me ya sa duk surin da ke garin akwai gara sai wannan. Ban san muryata ta hau ba sai da na ji Mama ta yi shiru.

Can ta ce, a hankali, "Me kike so ki ce, Minza? Ƙarasa."

"Ba komai, Mama. Holo kawai nake magana."

"A'a, ba Holo kike magana ba. Ƙarasa mana. Ki ce da hannuna na..."

Ita ma ba ta ƙarasa ba. Na ji ƙarar murfin tukunya, na ji kaza tana kuka a bayanta, sannan wayar ta mutu. Na sake kira sau uku tana shiga ba a ɗauka.

Wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba. Ko kuwa shi nake nufi, ban sani ba.

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe 8:05 na safe

Ba ta ɗauka ba.

Alhamis, ƙarfe 4:40 na yamma

Na yi ɓarna.

Ƙasar damina jiƙaƙƙiya ce, dole a shanya ta a inuwa kwana biyar ko shida, a tankaɗe, kafin ta shiga inji. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa duk wanda ya shigo ɗakin nan, ni da kaina na koya wa ɗalibai. Iskar in za ta fita ta bututun sanyi take yi ƙwarai, in akwai laima sai ta daskare ta toshe hanya. Na sani sarai. Amma na zauna ina lissafin curi nawa Holo za ta ci a kwana shida, sai na ga ba zan iya jira ba. Da kowa ya fita cin abinci na ɗebi lamba sha bakwai, na murza ta a yatsa, na ce wa kaina ai ta sha iska, na ɗura a ƙoƙon ƙarfe na kunna.

Minti ashirin allurar matsi ta fara hawa. Ina kallonta ina roƙonta. Sai ji na yi tau! Ɗan faifan da aka sa don ya fashe in matsi ya wuce kima ya fashe, iska ta yi ta fita da ƙara, farin hayaƙi ya cika ƙasan ɗakin. Na gudu waje kamar yadda doka ta ce, amma na manta ban rufe kan tukunyar gas ba. Kafin Baba Bundala ya iso da guntun masara a hannunsa, tukunyar ta ƙare tas. Ita kaɗai gare mu.

Dokta ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi ledar, ta dube ni.

"Kin san ta ina ce."

Na ce e.

"To daga yau ba ruwanki da inji a aikin nan. Shanya da tankaɗe, shi ke nan. Faifai da gas daga Dar es Salaam za su zo, mako biyu ko uku in an yi sa'a."

Na so in rage kwana uku, na ƙara mako uku.

Asabar, 9 ga Maris, ƙarfe 11:00 na safe

Ba ta ɗauka ba. Ruwa tun asuba a nan Mwanza, babban tafkin da ke bakin birnin ma ba a ganinsa.

Litinin, 11 ga Maris, ƙarfe 2:20 na rana

Garinmu duka yana shimfiɗe a kan faranti arba'in da biyu a ɗakin shanya. Ni ke juya shi da cokali safe da yamma. Ba a so in sani, amma ya zan yi da idona? Lamba huɗu baƙar laka ce ta fadamar shinkafa. Lamba ashirin da tara yashin bakin rafi ne inda muke wanki. Talatin da ɗaya akwai ɓawon gyaɗa da toka a ciki, tsakar gidan wani ne, kuma na fi awa ina tunanin ko namu ne.

Lamba sha bakwai tana cikin akwatin gilashi mai zuƙe iska, ita kaɗai. Baba Bundala ne ke juya ta. Ya kama ni tsaye a gabanta ɗazu.

"'Yata, in kallo ne ke busar da ƙasa da tuni ta zama gari. Zo ki sha shayi, na sayo mandazi, fanken nan, na jiya ne amma ai haƙoranki na nan."

Na sha. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Laraba, 13 ga Maris, ƙarfe 6:10 na yamma

Luhende ya ɗauka, daga gona.

"Yaya, me kika gaya wa tsohuwa? Kwana bakwai ke nan ko sunanki aka ambata sai ta tashi ta shiga ɗaki."

Na gaya masa komai, na roƙe shi ya hana Holo.

"Ni? In shiga tsakanin Mama da surukarta a kan abin mata? Kina so a kore ni daga gidan ubana ke nan. Na faɗa wa Holo sau ɗaya, ta ce to. Amma kin san to ɗin mata. Kuma Yaya, kada ranki ya ɓaci, ba ki da takarda. Mutanen da suka ɗebi ƙasar sun ce sai sakamako ya fito. Ku ne masu sakamakon, to ina yake?"

Ban gaya masa ni na fasa injin ba. Na tambaye shi ko Mama tana cin abinci. Ya ce tana ci, amma ta daina waƙa in tana daka.

Asabar, 16 ga Maris, ƙarfe 3:00 na yamma

Mijina Sayi ya zo daga Geita, hutun kwana biyu daga wajen haƙar zinariya. Ya rame. Mun zama masu ladabi ga juna tun bara, kamar baƙi biyu a benci ɗaya na asibiti.

Yana neman takardar filinmu ya jawo akwatin ƙarƙashin gado, wanda muka yi alkawari ba tare da magana ba cewa ba za a buɗe ba. Ya ɗaga 'yan rigunan da hannu biyu ya ajiye gefe. A ƙarƙashinsu ya sami gwangwanin madara. Curi ɗaya ne a ciki, na ƙarshe daga ƙunshi na huɗu, da shatin yatsan Mama a kansa.

"Wannan fa?"

Na ce nawa ne.

"Bayan abin da kika gaya mini a waya? Minza, jefar da shi."

"Ba ci nake yi ba. Shinshinawa kawai nake yi."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai yi faɗa, har na shirya masa. Sai ya rufe gwangwanin ya miƙo mini, ya ce, "Ni ma takalmin da na saya yana cikin jakata ta aiki. Ɗan ja ɗin nan." Wata goma sha ɗaya ban sani ba.

Mun ci tuwo da ƙananan kifi a ƙofar ɗaki, muna kallon awaki a kan duwatsu. Ƙafarsa tana taɓa tawa.

Litinin, 18 ga Maris, ƙarfe 7:30 na safe

Ba ta ɗauka ba. Gas bai zo ba. Na saya wa Holo maganin ƙarin jini na sa a mota, an ce yana rage kwaɗayin.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe 12:45 na rana

Holo ta kira ni daga bakin rijiya, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya Minza, wallahi na gwada. Kwana biyu ban ci ba. Amma in ruwa ya sauka ƙamshin ƙasa ya tashi, sai in ji kamar in ciji bango. Kuma Mama ba cewa take yi in ci ba. Ajiyewa kawai take yi a gefen kwanona, ta tsaya tana kallo. In na bari, kamar na ce gaskiyarki ce. Yaya, tsoro nake ji, jiya cikin bai motsa ba sai yamma."

Na ce ta je asibitin Maswa gobe a duba ta. Na ce motsin yamma ma motsi ne. Na faɗa da murya mai daɗi, kamar wadda ta san abin da take cewa.

Ni na fi kowa sanin wannan kwaɗayin. Ba yunwa ba ce, gida ne kake so ka sa a baki. Bara in na kwance ƙunshin Mama a wannan ɗakin na haya, sai in ji ni a bayan sito da ƙafa ba takalmi, ana kiranmu cin abinci.

Juma'a, 22 ga Maris, ƙarfe 5:15 na yamma

Kwandastan motar Maswa ya dawo mini da maganin, ko buɗe shi ba a yi ba. An ɗaure ledar da tsumman zanen Mama, shuɗin nan mai zanen abarba. Na ajiye tsumman.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan coci

An duba Holo, an ce lafiya. Mama ba ta ɗauka ba.

Talata, 26 ga Maris, ƙarfe 4:00 na yamma

Gas da faifai sun iso jiya. Baba Bundala ya ɗaura su yau da safe yana zagin injin yana lallashinsa. In an gyara inji ba a fara masa da ƙasar aiki, sai an gwada shi da wata ƙasa da ba ta cikin lissafi. Ya ce in ɗebo masa daga tukunyar fulawa. Na ciro gwangwanin madara daga jakata.

Na karya curin biyu. Rabin da ke da shatin yatsa shi na ba shi. Ya jujjuya shi a tafin hannu, ya kai hanci, ya ja baya.

"Wa ya mulmula wannan?"

"Mamata."

"Wa ya ci 'yan'uwansa?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Doka ta ce a daka shi, 'yata."

"Ba awo nake so ba, Baba. So nake ya fito yadda ya shiga."

Ya je ya tambayi Dokta. Ta leƙo ta ga abin da ke hannunsa, ta ce gwajin inji ai ba ya shiga rahoto, ta koma ofis. Curin ya shiga ƙoƙon ƙarfe daidai, kamar don shi aka yi. Baba ya bar iskar tana bi ta cikinsa awa uku maimakon ɗaya, ni ina zaune a kan hannuwana a nesa, yana ta tsokanata wai ko numfashi na yi kusa da allurar zai kai ƙarata.

Ya fito bai fashe ba. Jan launinsa yana nan, shatin yatsan Mama yana nan, har layukan fatarta. Na kai shi hanci.

Babu komai. Kamar na shinshina gilashi. A gindin 'yar kwalba kuwa ga wani abu rawaya-rawaya da bai kai ƙwayar gero ba.

Baba ya ce, "Injin bai san bambanci ba, har ƙamshin ƙasa na Allah da Annabi yake kwashewa. Amma wanda ya buge ki ranar nan, mai zaƙi-zaƙin nan, wannan hodar ce."

Na shiga banɗaki na yi kuka. Ba don gubar ba, Allah ya sani. Don ƙamshin na yi.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe 3:35 na yamma

Baba ya yi lamba sha bakwai. Na'urar da ke auna abin da ke cikin kwalba layi take zanawa, in guba ta yi yawa layin ya yi tsini. Wannan ya haura ya fita daga allon. Sai da ya surka sau ɗari kafin a ga ƙarshensa.

Dokta ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce rahoto sai an gama duka arba'in da biyun, a sa hannu, ya bi ofis-ofis, wataƙila ya kai garinmu a watan Yuni. Yau za ta kira likitan gunduma, amma ta san yadda kira yake tafiya. Holo a watan Yuni za ta haihu.

Ina tashi ta ce, "Minza, zauna. Takardar nan ta ce akwai guba a ƙasa. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce komai a kan abin da ya same ki ba, kuma ba wanda zai iya cewa. Ciki yakan tsaya a wata takwas ga matan da ba su taɓa ganin suri ba."

Na ce na sani. Na sani ɗin, a kaina.

Jibi zan tafi gida hutun Ista. Mama ba ta ɗauka ba, amma ƙofa ba waya ba ce.

Juma'a, 29 ga Maris, ƙarfe 5:50 na yamma, a gida

Audugar bana ta yi kyau, har ƙugu. Daga inda babur ya sauke ni na hango surin, gefensa ɗaya a rarake da saran fartanya.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai sayar da gishiri, ta ce wa Holo, "Ki ba baƙuwa ruwa." Baƙuwa. Amma an yanka kaza, kuma an dafa busasshen dankalin nan da ba mai sonsa a gidan sai ni. Luhende ya ce tun jiya da ya gaya mata zan zo ta jiƙa shi.

A bakin murhu akwai curi tara a jere.

Asabar, 30 ga Maris, ƙarfe 2:00 na rana

Na jira har Luhende ya tafi da shanu, Holo ta tafi rijiya. Mama tana ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na shimfiɗa tsumman zanenta, na ɗora rabi biyun a kai.

"Mama, kin gane wannan?"

Ta yi kamar ba za ta duba ba. Sannan ta ɗauki mai shatin, ta ɗora babban yatsanta a wurin, ya zauna daram.

"Nawa ne. Na bara ne, da gishiri kaɗan na yi su don kin ce ƙafarki tana kumbura. Ashe kin rage."

"Curi ɗaya ne na karya biyu. Shinshina wancan."

Ta shinshina rabin da ba a wanke ba, ta gyaɗa kai. Na ce ta shinshina na hannunta. Ta kai hanci. Ta sauke, ta duba, ta sake kaiwa. Ta lasa da harshe.

"Me kika yi masa? Kin kashe shi."

"Wanke shi na yi, Mama. Aikin da kike mini dariya a kai. Ban ƙara masa komai ba, ban rage ko ƙwayar ƙasa ɗaya ba. Abin da ya fita daga cikinsa yana can a kwalba, kuma wani dattijo da ya yi noman auduga tun kafin a haife ni ya ji shi ya ce hodar sito ce."

Ta rufe ido ta sake shinshina wanda ba a wanke ba, ta daɗe. Na ga lokacin da ta tuna.

"Rigar babanku," ta ce. "In ya dawo daga barbaɗa wa auduga magani. Haka take ƙamshi. Har cewa nake kada ya cire tukuna."

Gyaɗar ta zube daga cinyarta, kaji suka taso, ba wanda ya kore su.

"Ƙunshi huɗu na aiko miki."

"Mama..."

"Huɗu. Kuma ba ko'ina nake sara ba. Sai na zagaya surin ina shinshinawa, inda ya fi ƙamshi nan nake ɗebar miki. Na ce 'yata tana birni ita kaɗai, a ba ta mai kyau." Ta kama hannuna da ƙarfi. "Gaya mini gaskiya, ke ce mai inji. Shi ne?"

Na so in ce a'a, Allah ya sani na so. Amma mako uku ta yi tana gudun wannan tambayar, ba zan biya ta da ƙarya ba.

"Ban sani ba, Mama. Ba wanda ya sani, ba kuma injin da zai taɓa sani. Ni ma na ci da bakina, ni da na yi karatun. Abin da na sani kawai, na Holo yana motsi."

Ta saki hannuna. Ta tashi ta shiga kicin, ta kwaso curi taran a gefen zane ta zube mini a cinya. "Ki tafi da su inda kuke kai irinsu, kada kaji su ci." Ta ɗauki adda ta fita, na bi ta. Har rana ta take muna saran ƙaya muna ja, muna kewaye surin. Matar maƙwabcinmu ta zo da fartanya da ƙwarya, Mama ta tare ta tun daga nesa.

"Koma, uwar Shija. An rufe. Ni na buɗe muku shi, ni na rufe. Duk mai magana ta zo ta same ni."

Lahadi, 31 ga Maris, ƙarfe 6:30 na safe

Holo ta haɗiyi maganin ƙarin jinin tana yamutsa fuska, Mama tsaye a kanta kamar soja.

Ɗazu na fito na same ta a bakin murhu da wankakken rabin a hannunta. Ba ta juyo ba.

"Limi," ta ce. Sunan mahaifiyarta ne, shi ta zaɓa wa 'yata tun cikina yana wata biyar, kuma tun ranar ba wanda ya ƙara furta shi, har ni. "Ban taɓa ganin inda kuka sa Limi ba."

Na ce a Mwanza ne, kan tudu, ana hango tafki.

"Gobe zan bi ki. Ƙasar garinsu ce, kuma kin ce tsabtatacciya ce. A kai mata."

Ta ƙulle shi a bakin zane, ƙulli biyu, ta ce in tashi in hura wuta mun makara coci.